Hawayen Mahaifinka Ba Na Nuni Ba Ne

Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan Tiga lafiya lau.

Jiya a gidan suna aka nuna mini aikinka na Legas a waya. Ka jera ƙore a ɗaki, duk wanda ya taɓa sai muryar marigayi mahaifinka ta tashi, yana labarin kabarin mahaifiyarsa da ruwan dam ya cinye, har ya fashe da kuka. Wata ma sake taɓawa ta yi.

Duk zamanmu ban taɓa ganin hawayensa ba. Kai ya amince wa, ka kai shi gaban baƙi. Ka cire muryar nan, ko ka daina kirana.

Addu'a yake bukata, mu ma haka. Ka gaida Rabi.

Mahaifiyarka