Baba Ya Ƙi Farar Ƙwaya, Ni Kuma Na Yi Wa Inna Alkawarin Shiru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, akwai 'yan gidanmu a wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kudu, iyayena suna Zandam. Babanmu ya daɗe da ciwon suga, kuma tun farko ni ke saya masa magani duk ƙarshen wata in ba direba ya kai. Baba bai yi boko ba, Inna ma haka, da launi suke gane magani, jar ƙwaya a shuɗin kwali, ɗaya kullum da safe. Tsadarsa kuwa sai wanda ya saya, amma ban taɓa bari ya yanke ba.

Farkon damina na je saye a asibiti, mai ba da maganin ya ce Malama kin huta, wa'adin da doka ta ba kamfanin na shi kaɗai zai riƙa yin maganin ya ƙare, yanzu wasu kamfanonin ma suna yi, abu ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, sai dai ƙwayar fara ce kuma da sauƙin kuɗi sosai. Ban yarda haka kawai ba, sai da na kai wa likitan Baba kwalin, ya duba ya ce in saya. Na sayi na wata uku na aika, na kira Inna na ce ga sabon maganin Baba nan. Kuskurena ke nan, ban ce mata a daina tsohon ba. Ashe akwai sauran jar ƙwayar a cikin samirarta, ita kuwa ta ɗauka ƙari likita ya yi, ta riƙa haɗa masa ja da fara duk safiya. Rana ta huɗu ya fita shuka da ɗan koko a cikinsa, suga ya sauka, ya yanke jiki ya faɗi a gona. A babur aka kai shi asibiti a Gwaram, Allah ya sa da sauran kwana.

Da na isa can Inna ta ja ni gefe, ta faɗa min yadda aka yi, ta roƙe ni don girman Allah kada kowa ya ji. Tun tana amarya ita ke riƙe da ci da shan Baba, ba a taɓa cewa ta yi sakaci ba. Na yi mata alkawari.

To shirun nan shi ya ja min. Yayanmu da ke tuƙa bas zuwa Kano, wanda ko maganin ciwon kai bai taɓa saya wa Baba ba, shi ne ya tara mu a tsakar gida, wai rowa ta sa na sayo jabu, wai na gwada magani a kan tsoho. Na yi bayanin kamfani da wa'adi har bakina ya bushe, ya ce boko ne ya yi min yawa, ya kwashe maganin wata ukun ya zuba a shadda ina kallo. Inna na bakin murhu kanta a ƙasa. Baba ya ce shi bai riƙe ni a zuciya ba, amma farar ƙwaya ba za ta sake wuce maƙogwaronsa ba. Wannan yafiyar ta fi zagin Yaya yi min ciwo.

Na ce to a koma jar, ga shi sauran ta cikin samira ta ƙare, na zaga kemis-kemis na Birnin Kudu, duk sun daina kawowa tunda kowa ya koma mai sauƙin. Yaya ya bugi ƙirji zai samo a Kano, sai ga shi da jarkar wani jiƙo mai ɗaci da ya saya a tasha. Yau kwana goma sha biyu Baba ba magani. Ya rame, ba ya rabuwa da buta, ga ƙaya ta soke shi a ƙafa ciwon ya ƙi kamewa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka ƙafar nan abin tsoro ce.

Na san Baba, in ya ji ba ƙwayar ce ta kayar da shi ba, haɗawar ce, zai sha. Jiya na kira Inna na ce ta sake ni daga alkawarin nan, ta fashe da kuka ta ce, "In kin faɗa, da wane ido zan kalle shi in na miƙa masa ruwa?"

Raina a ɓace yake da kowa, har da kaina da na kasa ƙara magana ɗaya a waya ranar da na aika maganin. 'Yan uwa, in tona uwata a gaban mijinta da ɗanta, ko in ci gaba da zama 'yar da ta sayo jabu ina kallon ƙafar ubana? Akwai wanda ya san yadda zan faɗa ba tare da na karya ta ba? Na sake sayen farar ƙwayar, tana cikin jakata, jibi Juma'a zan je gida.