Inuwar Malafar Mama

El Alto, 9 ga Oktoba

Ƙanena Anselmo,

Gaisuwa mai yawa gare ka, kai da Zenobia da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa keken ɗinkin São Paulo bai cinye maka ido ba. Mu nan kalau muke, shagunan tayata uku duk suna tafiya, sai matata Hilaria da ƙafa ke damunta.

Ka san ni ba na roƙon kowa. Yau zan yi.

Saura mako uku ranar tunawa da matattu, ta farko tun rasuwar Mama. Hilaria ta sa a gasa burodi, ta tanadi rake da furanni, sai ta ce in kawo hoton da za a ɗora a tsakiyar tebur, kada ruhin Mama ya zo ya kasa gane wurinsa. Na ɗauko kyamarar nan mai tsada da na saya don bikin cikarta tamanin. Hoto ɗari huɗu, Anselmo. Kana iya ƙirga zaren mayafinta, ga 'yan kunnen zinariya na ƙyalli. Fuska kuwa babu. Da rana tsaka na ɗauka, ina tsaye a kanta, inuwar malafa ta rufe ta har haɓa. Goggo Eulalia ta leƙa ta ce to madalla, bana malafa za mu yi wa addu'a. Hilaria ta ce ai mai shago uku ko a gaban uwarsa ba ya durƙusawa. Ran nan abinci bai shiga bakina ba.

Kai ka durƙusa ranar bikin. Ina ganinka har yanzu, da wandonka na coci a kan duwatsun tsakar gida, da tsohuwar kyamararka ɗaure da roba. Ka tambaye ta nawa dankali kamar wani baƙo a kasuwa, ta ɗago kai tana dariya tana ce maka ɗan banza, sai ka ɗauki hoton. Ni kuma a gaban surukanka na ce ka jefa gwangwanin nan a bola, kada ka kunyata mu. Washegari ka tafi ba sallama, ban kuma neme ka ba.

Ka yafe mini. Idan hoton yana nan, ka aiko. Kyamarata tana hannun Don Primitivo, direban da zai zo São Paulo, tare da wannan takarda. Taka ce, ko ka aiko ko ba ka aiko ba.

Hilaria da Goggo suna gaishe ku. Ka gaida Zenobia da iyayenta, su ma su yi haƙuri. Firam ɗin hoton dai na riga na saya, yana kan tebur, babu kowa a ciki.

Wanka,
Fermín