Tururuwa a Cikin Nonona

Yaya Hauwa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya yara, ya maigidan da zaman Jidda? Mu nan Alhilla Kuku lafiya lau, sai layin burodi da sojoji suka sabar mana.

Na sauka lafiya, mace ce, amma sai da muka yi da surukata, Haboba Ladi. Ta tatsi dakashina a murfin kwano, ta jefa tururuwa, tururuwar ta mutu. Ta ce, "Nonon nan ba shi da kyau, 'yar nan. A zubar, a dama wa jinjira madarar gwangwani."

Da wane ruwa? Na gangar da jaki ke kawo mana? Da shi aka dama wa ɗana Usman, gudawa ta tafi da shi kafin arba'in.

Ungozomata a Umdurman ta gaya mini wannan nonon farko mai kauri shi ke shafe hanjin jariri, ya kama ƙwayoyin cuta kafin su maƙale, ya kuma ciyar da ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a ciki. Na ce, "Haboba, tururuwa ko a zuma ta faɗa mutuwa take yi. Ki yi haƙuri, ba zan zubar ba." Na sa yarinyar a nono a gabanta.

Har yau ba ta amsa gaisuwata. Kullum ina durƙusawa in gaishe ta, in koma in shayar da 'yata.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe mini da kowa. In Haboba ta aiko miki da ƙarata, ki tuna mata na riga na binne ɗaya.

Ƙanwarki,
Zainabu