Na Ɓoye Taɓaryar Gwaggo

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara, ya zaman Legas? Mu a Ƙanƙara lafiya lau.

Gwaggo Abu tana wurinmu, tunda rashin tsaro ya hana noma a Pauwa. Ana sallame asuba take hawa daka, jaririna ya farka, Malam ya tafi aiki ido jawur. Da na gaji, sai na ɓoye taɓaryar.

Washegari na iske ta zaune gaban turmi, hannu a cinya. Ta ce, "Ɗiyata, in ban yi daka ba, gonata ke ta faɗo mini a rai."

Ki gaida kowa, ki taya mu addu'a Allah ya maida ta gida. Taɓarya dai na fiddo. Yanzu ni ke yi mata tankaɗe.

Ƙanwarki,
Rabi