Lamba Ɗaya Tak Aka Ce In Zaɓa

Zuwa ga Telata, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, ke da na tsufa ina kallo ban ƙoshi ba.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka raba da rabin jikinsa aka ce ya ci gaba da tafiya. Yaya jiki? Yaya wurin ɗinkin da likita ya yi miki? Allah ya sa yau ya fi jiya sauƙi.

Kafin in ci gaba, ke ƙanwata mai karanta mata wannan takarda, ki karanta duka. Na san halinki. In kin zo inda kunya ta kama ki, kada ki tsallake ki ce rubutun tsoho ne ba ya karantuwa. Da furfurata na zauna a bencin makarantar yamma na koyi wannan rubutu, kowane baƙi sai da na yi masa gumi. Ki karanta wa yayarki a hankali, kusa da kunnenta.

Albishirinki, hasken ɗakina! Autarmu ta sauka lafiya, mun samu jika mace! Na san an riga an faɗa miki, amma an faɗa ne a gurguje, kamar sanarwa. Ni na gan ta. Na ɗauke ta a hannun nan nawa mai baƙin mai, wanda sabulu ya gaji da shi. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai nauyin kan keken ɗinkinki ba, yatsunta dogaye irin naki, goshinta irin naki. Murya kuwa, wayyo murya! Da ta tsandara kuka sai da mai shagon ƙasa ya leƙo yana tambaya ko wuta ce ta kama. Na yi dariya har haƙorina mai girgiɗi ya kusa faɗuwa. Na fita ƙofar gida ina gaya wa duk wanda ya wuce, har wanda ban sani ba. Sannan na dawo da gudu, gudun tsoho, na buɗe baki zan ce miki zo ki ji, sai na ga kujerarki babu kowa, kekenki a lulluɓe da zane.

A nan na tsaya da murnar, har yanzu ina ɗauke da ita. Yaya mutum zai yi da farin cikin da ba shi da inda zai sauke shi? Kamar ruwa ne a tafin hannu, ina ta yawo da shi daga ɗaki zuwa tsakar gida yana zurarewa.

Tun ranar da aka yi miki aikin maƙogwaro, kika farka kika buɗe baki babu abin da ya fito sai iska, kin juya mini baya. Kin fuskanci bango, kin ɗaga hannu kin nuna mini ƙofa. Ƙanwarki ta ce nufinki in koma gida wurin Auta, tunda cikinta ya tsufa kuma mijinta yana wurin aiki mai nisa. Na karɓi wannan fassara don ta fi sauƙin ɗauka, na hau mota na yi doguwar tafiyar nan ni kaɗai. Amma na san ki. Ba kya son in gan ki babu murya, ke da muryarki ke tsayar da rigimar layinmu duka. Kin kashe wayarki kin ba da ita an jefa ƙasan jaka. In na kira ta ƙanwarki, sai ta fita baranda kafin ta ji ni, don layinta ba ya kamawa a ɗakin. In ta dawo ta ce ki taso ko a kan keken marasa lafiya ne, sai ki girgiza kai.

Ba zan ɓoye abin da mu duka muka sani ba. Kin ga lokacin da likita ya ja ni gefe. Ya ce muryar ta tafi ke nan. Ya ce ciwon kuma ba duka suka iya cirewa ba. Na tambaye shi lokaci, ya kalli takalminsa ya ce mu dage da addu'a. Ni mai gyaran keken ɗinki ne, na san yadda fuskar mai gyara take in ya buɗe inji ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, tauraruwata ta asuba. Na yanke shawara sai na samo layin da zai iso har kan gadonki, ba baranda ba, ba bakin taga ba. Babban ɗanmu ya kawo mini takardun talla na kamfanoni uku, kowanne yana rantsuwa shi ne ya fi araha, kowanne da hoton matasa suna dariya kamar ba su taɓa ciwon kai ba. Na sa tabarau na bi ƙananan rubutun nan na ƙasa da yatsa, inda suke ɓoye gaskiya. Wani kyautarsa sai in gari ya yi tsit kowa na barci. Wani yana cika ka da data ta kallon bidiyo, kira kuma ya yanke ka kana tsakiyar gaisuwa. Babu wanda ya rubuta abin da nake nema, wato ko yana shiga ɗakin mata na ƙarshen baranda a asibitin nan, gadonki da ke lungu.

Sai na tuna da maƙwabciyar gadonki, matar nan mai karayar ƙugu, wadda wayarta ba ta yin shiru, tana kwance tana tafiyar da rikicin gidanta daga kan gado. Na sa ƙanwarki ta tambaye ta. Ta ce nata na kamfanin mai tambarin fitila ne, kuma ta ce a gaya wa tsohon nan ya daina ɓata lokaci. Ki gode mata.

Matsalar ita ce wannan layi ba ya son gidanmu. Na ari wayar mai shagon ƙasa, wanda yake da irinsa, na zagaya da ita ko'ina. A ɗakinmu babu. A tsakar gida yana zuwa yana tafiya kamar numfashin mai zazzaɓi. Sai da na hau matakala har saman bene, kusa da tankin ruwa inda ake shanya, sannan ya cika. Kin san gwiwata. Amma na auna, na ga gara layi ya wahalar da mai ƙafa biyu ko da masu ciwo ne, da ya wahalar da wadda ke kwance.

Muka tafi rumfar mai sayar da layi, ni da ɗanmu. Wata mata ce mai baki, tana cin cingam tana danna waya biyu lokaci guda. Ta jera mini tsare-tsarensu na biya-kafin-ka-kira, har ta zo kan wani da ta ce ana biya sau ɗaya, a zaɓi lamba guda, a kira ta iya son rai ba yankewa. Ta yi dariya ta ce, "Amma Baba, wannan na samari ne masu hira da budurwa har waya ta yi zafi."

Na ce, "'Yata, ni ma budurwar zan kira."

Ta ce, "Iye! Tsoho da ranka. To ka zaɓa da kyau, lamba ɗaya tak ce, in ka sa ta ba a canzawa."

Ɗanmu ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, ka sa lambar Auta mana. In ta koma gidan mijinta ka riƙa jin jikarka kullum. Umma fa ba za ta iya amsa maka ba. Ka riƙa tura saƙo ana karanta mata."

Yaro ne mai hankali, yana son ki, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Kawai bai san abin da na sani ba, don a lokacin yana makarantar kwana.

Kin tuna, kurciyata? Kin tuna shekarun da na shiga makarantar yamma, ina tafe da littafi a hammata yaran layi suna bina da dariya? Ke kika hana ni fasawa. Ke kika riƙe shago har rufewa don in samu tafiya, shi ya sa har yau ba ki san baƙi ba, ni na sani. Kika sa mini suna Ɗan Makaranta, har ya bi ni. Kullum da hantsi, kafin masu kawo gyara su fara zuwa, nakan zauna a kan buhun ƙyalle kusa da kekenki in karanta miki darasin jiya. Ke kuma bakinki cike da allurai, kina gwada riga a jikin mai ita ko kina kama kalmasa, ba halin magana. Sai ki ɗauki ɗan almakashin yanke zare ki riƙa buga teburin keke. In na karanta daidai, ƙwas, a hankali. In na yi tuntuɓe na wayance na tsallake kalma mai wuya, sai ki jero bugu kamar ƙanƙara a kan kwano, don kunnenki ba a yi masa ha'inci. In na ba ki dariya, almakashin ya yi ta rawa a kan katako, kafaɗunki suna girgiza, mai rigar tana cewa, "Don Allah Tela kada ki soke ni saboda ɗan makarantarki."

Da wannan almakashi kika yi mini faɗa. Da shi kika yafe mini. Da shi kika ce in je in duba ko yara sun dawo. Wa ya ce sai da murya kike magana? Ni na yi shekaru ina hira da ke bakinki a rufe, ban taɓa rasa abin da kike nufi ba!

Na sayi layi biyu. Na ce wa matar ta sa lambar ɗaya a kan ɗaya. Sai ta tambaya, na wata-wata nake so ko na shekara? Ta ce na shekara ya fi sauƙi in an haɗa, amma in an biya an biya, ba a mayarwa.

Ɗanmu ya ce, "Na wata-wata za ka ɗauka, Baba. Ba a san…" Bai ƙarasa ba. Ya kau da kai yana kallon motoci. Matar ta daina tauna cingam.

Rabin raina, ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Tambayar da likita ya ƙi amsawa, ga shi mai sayar da layi ta ajiye mini ita a kan tebur tana jira. Wata ko shekara? Na ji in na ce wata, na sa hannu a kan abin da ban yarda da shi ba. Ni ba mai sanin gaibu ba ne. Mai yiwuwa yaron ne ke da gaskiya. Amma ba da bakina ba, ba kuma a gaban rumfar waya ba.

Na ce ta sa na shekara.

Ga wayarki nan a cikin ƙunshin, sabuwa ce ƙarama mai manyan madannai, layin yana ciki, na cika ta da caji. Kore ake dannawa. A cikin shuɗin ƙyallen nan kuma almakashinki ne. Na wanke shi na ɗiga masa mai. In ma'aikatan jinya sun yi magana, ƙanwarki ta ce musu maganin maigida ne. Ƙarfen gadon nan zai fi teburin keke amo.

Kullum bayan la'asar, in rana ta sauka daga kan tankin, zan hau bene. Auta ta ce za ta biyo ni da jaririyar muddin tana gidan, kuma ba ma buƙatar roƙon yarinyar nan ta yi kuka, aikinta ke nan. Ina so ki ji ta. Ina so ta ji bugun almakashinki tun yanzu, ta tashi ta san cewa haka kakarta ke magana. Ni kuma zan ba ki labarin unguwarmu kaf, wanda ya yi faɗa da wanda ya shirya, da matar nan da ke zuwa har yanzu tana tambayar yaushe Tela za ta dawo, ta ƙi kai yadinta ko'ina. In na yi ƙari a labari, kin san abin yi.

Ban ce ki yi magana ba. Ban ce ki bar ni in ga wuyanki ba, waya ce ba mai hoto ba, da gangan na zaɓe ta. Ki danna kore kawai, ki ajiye ta a kan matashi. Ko numfashinki ne na ji, ya ishe ni sauka daga bene da ƙarfina. Kada ki bari ciwo ya ɗauke murya sannan ke ki ƙara masa da sauran. Abin da ya rage mana, kaɗan ne ko mai yawa, don me za mu kashe shi kina kallon bango ni ina kallon keke a lulluɓe?

In kin ƙi ɗauka ranar farko, zan saurari ƙarar har ta yanke, in sauko, in sake hawa washegari. Ba ni da wata lambar da zan kira, an ce ba a canzawa, ni ma ban tambayi yadda ake yi ba.

Naki tun kina da murya, naki yanzu, naki har ranar da za a lulluɓe ni kamar kekenki,

Ɗan Makarantarki.