Sunan Aro

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da keken ɗinkinka. Ka ji sabuwar dokar ma'aikata? Daga yanzu leburan da ya cika wata shida a wuri ɗaya, dole a mai da shi na dindindin. Wanda kuma ya mutu a bakin aiki, ko jiya aka ɗauke shi, za a ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa. Ranar da aka karanta mana ita a ƙofar masana'anta har tafi na yi, ni da na shekara tara ina juye buhu a bakin inji.

Ashe murna za ta koma ciki. Saura sati guda wata shida ta cika da fara dokar, manaja ya sallame mu kaf. Suna sake ɗauka, amma ban da sunan da ya taɓa shiga littafinsu. Yanzu kowa aron suna yake. Don Allah aiko min da katin shaidarka. Dama ko Inna takan rikita mu, duk da na fi ka kyau. Yara uku ba za su ci doka su ƙoshi ba.

Ka huta lafiya.
Yayanka

Yaya,

Na gaishe ka, na gaida matarmu da yara. Ga katin nan a cikin ambulan. In an kira sunana da safe ka amsa da ƙarfi, kada ka tsaya waige-waige kana nemana. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, kayan aro ba ya rufe katara. Amma yaushe na taɓa hana ka abu? Maganar kyau kuwa, sai mun haɗu gaban madubi.

Naka,
Auta

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri, ya ƙarin haƙurinmu? Yau kwana ashirin da belin injin nan ya fizgi yayanka. Rigar aikinsa tana nan a bayan ƙofa, na kasa sauke ta.

Bayan ka koma gida daga zaman makoki, na je ofishin ƙwadago kan maganar karatun yara. Magatakarda ya buɗe fayil, sai na ji ya karanta sunanka. Ya ce, “Baiwar Allah, ai wannan mamacin ko aure bai yi ba, balle 'ya'ya.” Na ce mijina ne, shekararsa tara a wurin. Ya ce, “Wata huɗu na gani a rubuce.” Na yi kuka a gaban mutane har na ji kunya.

Ya ce hanya ɗaya ce, mai katin ya zo da ƙafarsa ya rantse yana raye, kuma shi ya ba da aro. Sai dai ba da aron kati laifi ne, ana iya ɗaure mutum a kansa. Ban ce ka zo ba, Auta, na dai kasa riƙe maganar ni kaɗai. Babbar 'yarmu ta wanke kayan makarantarta, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta koma.

Allah ya ba mu dangana.
Matar yayanka

Maman yara,

Ina gaisuwa. Na rufe shago, ina tafe ranar Litinin. Ki haɗa takardun haihuwar yara, ki ce wa babbar ta goge kayanta. Kada ki ji min tsoron ɗauri, ai a wurinsu na riga na mutu. Shekara tara sun hana Yaya komai, ba za su hana shi mutuwarsa ba.

Sai na iso.
Auta