Ki Amsa Musu, Firdaoussi

Zuwa ga Firdaoussi, sanyin idona, ruwan farkon damina a busasshiyar gonata, zuma farar saƙa, haihuwar Marseille mai jinin Damagaram, wadda hannayenta suka fi tsuntsayen fadama sauri, muryarta kuma ta fi iskar asuba taushi. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Ga ni zaune a ɗakin hutun asibitinmu, shayina ya huce, sauran nas-nas sai tsokanata suke yi wai tun safe nake murmushi ni kaɗai. To me zai hana? Jiya kin kawo mini labari mafi daɗi da kunnena ya taɓa ji, amma kika faɗe shi da muryar mai isar da ta'aziyya! Wata babbar ƙungiyar makaɗan jaz a birnin Lyon na Faransa ta neme ki ki jagorance ta shekara biyu, ki tsara musu kiɗanki, ki zauna bayan gangunanki su kuma su bi sawunki. Sai kika sunkuyar da kai kika ce za ki ce musu a'a, saboda bikinmu, saboda aikina yana nan New York, saboda ni. In kina kusa harshena ba ya yi mini biyayya. Shi ya sa yau na ɗauko biro.

Kin tuna yadda aka fara? Wata Asabar da hantsi, a gidanmu na unguwar Mount Hope, rufin ɗakina ya kama rawa kamar ana sussuka a samansa. Na hau bene a fusace, na shirya Turancin faɗa tun daga matakala. Kika buɗe ƙofa, 'yan sandunan kiɗa a hannu, gumi a goshi, kika dubi hular da ke kaina, kika yi mini sannu da Hausar Damagaram, kika haɗa da ban haƙuri da Faransanci. Ina Turancin nan ya shiga? Wallahi har yau ban sani ba! Abin da kawai na iya cewa shi ne na zo yi wa sabuwar maƙwabciya barka da zuwa. Na sauko ina addu'ar kada kiɗan ya tsaya.

Daga baya na san tsawon hanyar da ta kawo ki wannan benen. Yarinyar da ta lotsa tukwanen mahaifiyarta da ludayi a Marseille. Budurwar da babanta ya riƙa ɓoye mata sanduna a saman kabad, ita kuma ta riƙa hawa kujera tana saukowa da su. Ɗalibar da ta shiga makarantar kiɗa a Paris, mace ɗaya tilo cikin ajin masu ganga, wadda in ta zo wurin wasa ake zaton rakiya ta yi wa wani. Shekara nawa kika yi a can bayan dandali, kina riƙe wa wasu kiɗa, su ana tafa musu, ke ko sunanki ba a kira? Sannan faifanki na farko ya fito, wanda yanzu shi Baban naki ke sa wa duk fasinjan da ya shiga tasinsa, yana nuna hotonki yana cewa 'yarsa ce. Duk wannan tafiyar, ya farin wata a daren sha huɗu, sai ki ajiye ta a bakin ƙofata? Ni ne zan zama katangar da kogi irinki zai zo ya tsaya a gindinta? Allah ya kiyaye!

Ba zan manta ranar wasan filin shaƙatawa ba, bazarar da ta wuce, bayan la'asar. Kina tsakiyar kiɗan nan da kika tsara daga ƙarar jirgin ƙasa mai lamba huɗu in yana wucewa ta saman titin Jerome, wanda kika saƙa masa amon kalangu a ciki, sai hadari ya haɗo. Aka kashe na'urori, mai fiyano ya rufe kayansa, mai busa ya ruga ƙarƙashin rumfa. Ke kuwa ko gezau. Ruwa na dukan tasoshin tagullar da ke jikin gangunanki, ke kina ba shi amsa, aradu ta yi magana kika mayar mata, har mutanen da suka fara gudu suka dawo suka tsaya cikin ruwa. Wa kuma ya rangaɗa guɗa daga can baya? Gwaggo Habsatou, ƙanwar babanki, wadda ta sha faɗa cewa gidansu ba su gaji kiɗa ba, wadda ta ce ta fito ne kawai sayen albasa! Na waiga na gan ta, mayafi jiƙe sharkaf, tana nuna ki tana gaya wa wata Baturiya cewa jininsu ce. A wannan yammacin na gane ke ba tawa ba ce ni kaɗai, na kuma gane ban taɓa son ki kamar lokacin ba.

Kada ki zaci dutse ne ni. Idan na tuna zan bi titin Grand Concourse da safe ba tare da na ɗaga kai na ga labulenki ba, sai ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora masa turmi. Wa zai gyara mini ɗaurin ƙyallen wuya in sanyi ya shigo? Wa zai yi mini dariya in na kira sunan wani abinci da Faransancina na Kano? Kewarki za ta ci ni, na sani, za ta ci ni kamar yadda gara ke cin itace. Amma gara wannan ciwon sau dubu da in wayi gari wata rana in ga hannayen nan naki a zube bisa cinya, kina kallon taga, kina tuna ƙofar da kika rufe domina.

To ki ji abin da na yi, ki yafe mini gaggawa. Da safe kafin in zo aiki na biya shagon Gwaggo, na durƙusa tsakanin atamfofi da turaren wuta na zayyana mata komai. Ta kira Babanki a waya nan take. Ni ma na kira yayana Abdul-Hanan a Kano. Bakinsu ya zo ɗaya: in kin yarda, a matso da ɗaurin aure zuwa bayan ƙaramar Sallah, ki sauka Lyon da lalle a ƙafa. Ni zan biyo ki da zarar takarduna sun kammala. Marasa lafiya ba su ƙare a Faransa ba, in ma sai na sake zama ɗalibi kafin su amince da ni, zan zauna in koya. Malam Hamidou mai kantin kusurwa ya ɗauki alkawarin koya mini Faransanci, har ya fara yau, ya ce lafazina abin tausayi ne amma akwai fata.

Saboda haka ina roƙon ki, ya inuwar gamjina, ya ƙoramar da ba ta ƙafewa: ki amsa musu. Ki amsa da babbar murya, yau ba gobe ba. Ki ce Firdaoussi tana zuwa, da gangunanta, da kiɗan da babu wanda ya taɓa jin irinsa, da kuma miji a bayanta wanda bai iya kiɗa ba, bai iya rawa ba, amma ba a fi shi tafi ba.

Ko teku ta shiga tsakaninmu na ɗan lokaci, ko ta daɗe, zuciyar nan ba ta da wata alƙibla a cikin mata sai ke. Haka take yau, haka za ta kasance ranar da furfura ta rufe mu, har ranar da za a kira ni.

Naki, a nan da can, muddin rai,
Rilwanu